Zanen aro ba ya rufe katara: Binciken Farfesa Galadanci da kayan tazarar haihuwa da suka maƙale a Dubai

Aikina a Dubai kago ne. Shekara tara ke nan ina Deira, ina karɓar kayan 'yan kasuwarmu na Kantin Kwari da Wambai da na Maraɗi, in auna, in ɗaure, in tura gida. Duk wanda ya taɓa wannan sana'a ya san kaya ba sa zaman banza a sito. Kowace rana da kuɗin ajiyarta, in kuwa magani ne, kullum wa'adinsa ƙara matsowa yake yi.

Shi ya sa wani labari da kamfanin dillancin labarai na Reuters ya bayar a watan Yunin 2025 ya tsaya mini a rai. Labarin ya ce kayan tazarar haihuwa na kimanin dala miliyan 11, waɗanda gwamnatin Amurka ta saya domin ƙasashe matalauta, suna jibge a sitoci a Beljiyam da nan Dubai, wata da watanni babu mai ɗauka. Akwai ƙwayoyi, akwai ashanar hannu, akwai robar mahaifa da kwaroron roba. Ina zaune a kan kwali a bakin shago na karanta, na ce ikon Allah. Abin da ƙanwata ta yi sawu biyu tana nema a asibitin garinmu ba ta samu ba, ga irinsa nan a kulle a garin da nake kwana.

Abin da ya faru a gidanmu

A 2023 ƙanwata ta haifi ɗanta na biyar. Haihuwar ta ba ta wuya, ma'aikaciyar asibiti ta ba ta shawara ta huta, mijinta kuma ya yarda. Bayan ta yi arba'in ta je wani ƙaramin asibiti a ƙaramar hukumarmu don a sa mata ashana. Aka ce ta ƙare. Ta koma bayan wata guda, aka sake ce mata ba a kawo ba. Ta kira ni.

"Yaya, wai sun ce har yanzu babu, sai dai in sake dawowa."

"To ki je kemis mana," in ji ni.

"Yaya, ai a kemis ba a sakawa. Kuma baban yara ya ce a jira ta gwamnati, tunda ita kyauta ce."

Na ce mata Allah ya kawo, na koma kan awon kaya. Wallahi ban sake tuna maganar ba. Yaron yana wata bakwai ciki ya shiga. Ta ci gaba da goyo ga ciki, ga shayarwa, ga rashin jini. Ranar haihuwa a gida ta sauka, kamar yadda yawancin matanmu suke yi, sai jini ya ɓalle. A Keke Napep aka kai ta babban asibiti cikin dare, ba ta san wanda ke kanta ba. Lokacin ana tsakiyar rikicin biza tsakanin Najeriya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, jiragen Emirates ma ba sa zuwa, don sai 1 ga Oktoban 2024 suka dawo Legas. Abin da na iya kawai shi ne tura kuɗi da riƙe waya a kunne. Inna ce take ce mini, "Ɗan nan, ka yi ta addu'a, leda uku aka ƙara mata."

Allah ya yi da sauran kwana, ta tashi. Amma kuɗin da na tura a wannan daren kaɗai ya isa a sa wa mata da yawa ashana, domin tun 2013 aka sauko da farashinta ga ƙasashe irin namu zuwa kusan dala takwas da rabi. Wannan kuwa duk kafin Amurka ta janye tallafi ne. Tun daga nan na fara bibiyar maganar lafiyar mata masu ciki, har na ci karo da aikin Farfesa Hadiza Shehu Galadanci.

Likitar da ta ce a daina kintace

Farfesa Galadanci likitar mata ce a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma malama a Jami'ar Bayero. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta yi karatun likita, ta gama a 1987, daga baya ta je Landan ta ƙaro ilimi a kan binciken lafiyar haihuwa. Tana cikin matan farko da suka kai wannan matsayi a Kano. Ita ce ta jagoranci cibiyar ACEPHAP ta Jami'ar Bayero, wadda Bankin Duniya ya tallafa aka kafa don bincike a kan lafiyar al'umma da tsara manufofi. A 2024 mujallar Time ta Amurka ta sa ta cikin mutum 100 mafiya tasiri a harkar lafiya a duniya.

Aikin da ya fi fito da sunanta shi ne binciken da ake kira E-MOTIVE, wanda aka yi tare da Jami'ar Birmingham ta Ingila da Hukumar Lafiya ta Duniya, ita kuma ta riƙe ɓangaren Najeriya. Matsalar da suka sa a gaba ita ce wadda ta so ta kashe ƙanwata: zubar jini bayan haihuwa. A duniya yana samun mata kimanin miliyan 14 a shekara, yana kashe kusan 70,000. Shi ne kan gaba wajen kashe masu jego.

A ƙa'idar likitoci, in mace ta zubar da rabin lita na jini bayan haihuwa, to an shiga haɗari. Amma ta yaya ake gane ya kai rabin lita? Da ido ake kintata. Ungozoma ta dubi zane da katifa da ƙasa, ta ce bai yi yawa ba. Kafin a farga, mace ta galabaita. In an farga ɗin ma, sai a gwada magani ɗaya, a jira a gani, in bai yi ba a gwada wani. Jini kuwa ba ya jira.

Abin da suka gwada abu biyu ne. Na farko, wata leda mai awo da ake shimfiɗa wa mace bayan ta sauka, jinin ya taru a aljihunta, ga layuka nan suna nuna yawansa. Kuɗinta bai wuce dala ɗaya ko biyu ba. Na biyu, da zarar jini ya kai layin, sai a yi komai a lokaci ɗaya: a murza mara don mahaifa ta tsuke, a yi allurar tsuke mahaifa, a ba da maganin daskarar da jini, a ɗaura ruwa, a duba ko akwai inda ya yage ko wani abu ya rage a ciki, in ya ƙi tsayawa a kira babban likita.

An yi gwajin a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 210,000. Sakamakon ya fito a watan Mayun 2023 a mujallar New England Journal of Medicine. A asibitocin da suka ci gaba da tsohuwar hanya, kusan rabin masu zubar jinin ne kawai ake ganowa. A waɗanda suka yi amfani da ledar, an gano fiye da kashi 90 cikin 100. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta, wato tiyata ko mutuwa, sun ragu da kashi 60 cikin 100. Kafin shekarar ta ƙare Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da wannan hanya shawarar da take ba ƙasashe.

Ku duba fa, babu sabon magani ko ɗaya a cikin wannan. Duk an san su tun da daɗewa. Abin da binciken ya kawo shi ne awo da tsari. Kuma wannan gado ne da Arewa ta daɗe da shi. A Zariya, tsakanin 1976 da 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun rubuta bayanin haihuwa 22,774 ɗaya bayan ɗaya, suka buga a 1985. Sun nuna cewa matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba, kuma haɗarin ya fi yawa ga 'yan mata ƙanana da matan da suka yi haihuwa da yawa. Shekara 40 ke nan da sanin wannan.

Inda ledar ba ta kaiwa

To ga inda gizo ke saƙar. Ledar Farfesa tana ceton macen da ta haihu a asibiti ne. Ƙanwata a ɗakinta ta haihu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti a Najeriya, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 16. Wato cikin mata shida da suka haihu a yankinmu, biyar ba su kusa da ledar ba, balle allurar.

Me zai kai ga waɗannan biyar ɗin? Gina asibitoci da horar da ungozomomi dole ne, amma aikin shekaru ne. Abin da zai iya kai musu a bana shi ne hutu tsakanin ciki da ciki. Macen da jikinta ya huta, jininta ya dawo, ko ta zubar tana da abin da za ta jure da shi. Wadda kuwa ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, kaɗan ya ishe ta. Sannan cikin da bai shiga a lokacin da ba a shirya masa ba, babu zancen ya kashe mai shi. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya ƙiyasta cewa amfani da hanyoyin tazara ya hana mutuwar mata kimanin 272,000 a shekarar 2008 kaɗai, kuma da za a kai wa duk masu so ba su samu ba, da mace-macen sun ƙara raguwa da kusan kashi 29 cikin 100.

Masu so ba su samu ba, su ne irin ƙanwata. Binciken ƙasa na 2023 zuwa 2024 ya ce kashi 15 cikin 100 na matan aure a Najeriya ne ke amfani da hanyoyin zamani, alhali kusan kashi 21 suna son su huta ko su dakata amma ba sa amfani da komai. A 2018 Legas na da kashi 29, Sakkwato kashi 2. Ana yawan cewa wai matanmu ne ba sa so. Akwai waɗanda ba sa so, gaskiya ne, kuma haƙƙinsu ne. Amma mace ɗaya cikin biyar tana so, hannunta bai kai ba.

Sakamakon yana cikin rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na watan Afrilun 2025. A 2023 mata kimanin 260,000 suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, 75,000 daga ciki a Najeriya. Ƙasa ɗaya ta ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. In ka raba, ya haura mata 200 a kowace rana. Mu da ke harkar jirage, a ce kullum jirgi guda cike da mata yana faɗuwa, kwana nawa za a yi kafin a rufe filin jirgin?

Zargin da ke zukatanmu

Na san abin da wani mai karatu yake faɗi a ransa yanzu: wannan duk shirin Turawa ne na rage mu. Ba zan ce zargin ba shi da tushe ba, ruwa ba ya tsami banza. A 1974 gwamnatin Amurka ta rubuta wani rahoton sirri a ƙarƙashin Henry Kissinger, wanda ya lissafa ƙasashe 13 da yawan jama'arsu ke damun muradun Amurka, Najeriya na ciki. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna kusan shekara guda saboda jita-jitar akwai maganin hana haihuwa a ciki. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Amma mu tuna, tazara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu suna da kalmar kwanika da rurrutsa, kuma abin kunya ne mace ta yi ciki tana goyo. Ana kai mace gidansu wankan jego, wata ma sai ta yaye take komawa sosai. Shayarwar shekara biyu da addini ya kwaɗaitar ita ce dai tazarar wata 24 da Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawara tsakanin haihuwa da ɗaukar wani ciki. Zaman birni da ɗaki ɗaya da canjin zamani ne suka rushe wancan tsari, ba a kuma maye gurbinsa da komai ba.

Malamai ma sun yi magana. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disambar 1988, ta yanke abu uku: bai halatta gwamnati ta kafa dokar ƙayyade wa ma'aurata yawan 'ya'ya ba, bai halatta a kashe haihuwa gaba ɗaya ba sai da lalura, amma ya halatta miji da mata su yi shawara su ba da tazara na wani lokaci in akwai buƙata, matuƙar babu cutarwa kuma ba a taɓa cikin da ya riga ya shiga ba. Jami'ar Azhar ta Masar tana da cibiya guda a kan wannan fanni tun 1975. A Nijar, a yankin Damagaram, an fara makarantun mazaje wajen 2008, inda magidanta ke zama su tattauna awon ciki da tazara, saboda an gane cewa a gidajenmu maganar tana hannun maigida.

Yanzu kuma ga wani abin lura. Waɗanda muke zargi da son rage mu, su ne suka tattara kayansu suka tafi. In da gaske tsoronmu shi ne baƙo ya tsara mana iyali, to ga fili nan an bar mana. Mu saya da kuɗinmu, likitocinmu su tantance, malamanmu su sa ido. Tambayar ita ce, mun saya?

Lissafin kuɗin

Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya dakatar da tallafin ƙasashen waje, zuwa 1 ga Yuli an rufe hukumar USAID. Kafin nan Amurka ce ke ba da kusan kashi 40 cikin 100 na abin da gwamnatocin ƙasashe masu arziki ke bayarwa don tazarar haihuwa, sama da dala miliyan 600 a shekara. An kuma yanke tallafin da ake ba UNFPA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke saya wa Najeriya yawancin waɗannan kaya. Kayan da ke garin Geel na Beljiyam, na dala miliyan 9.7, gwamnatin Amurka ta ce ƙona su za ta yi, duk da ƙungiyoyi sun nemi a sayar musu su raba. Mafi yawansu na ƙasashen Afirka biyar ne, ciki har da Mali. A nan Dubai ma, biskit na agajin yara masu tamowa kusan tan 500 ya zauna a sito har wa'adinsa ya ƙare a watan Yulin 2025.

Mutum zai iya zagin Trump daga safe har dare, amma kuɗin Amurkawa ne, su suka ga dama suka bayar, su suka ga dama suka hana. Abin tambaya shi ne namu. Tun 2011 gwamnatin tarayya ta ce kayan tazara kyauta ne a asibitocinta. A taron Landan na 2012 ta yi alƙawarin kai yawan masu amfani kashi 36 cikin 100 kafin 2018, ba a kai ko rabi ba. A 2014 ta ba ƙananan ma'aikatan lafiya na karkara izinin yin allura da sa ashana, wanda mataki ne mai kyau ƙwarai. Sai dai izini ba ya sa ashana in akwatin babu komai.

A kasafin 2024 an ware wa tazarar haihuwa kimanin naira biliyan 2.2. A na 2025, shekarar da tallafi ya yanke, sai aka ware kimanin naira miliyan 66. An zabge kashi 97 cikin 100. Na buga lissafi da canjin da muke yi a nan, ya kama dirhami dubu 160 da 'yan kai. Sabuwar Land Cruiser guda ɗaya ta fi haka a Dubai, kuma mu da ke kago mun san su wa muke loda wa irin waɗannan motoci. Wannan shi ne abin da aka rubuta wa ƙasa mai mutum sama da miliyan 200.

A yi adalci, an yi wasu abubuwan. Majalisa ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025 don cike giɓin da Amurka ta bari. A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ƙaddamar da shirin MAMII, da tiyatar haihuwa kyauta ga mabuƙata, aka kuma ware ƙananan hukumomi 172 da suka ɗauki fiye da rabin mace-macen. Wannan abin a yaba ne. Amma tiyata kyauta tana jiran mace ne a ƙarshen hanya. Rigakafi ya fi magani, mu muka faɗa da bakinmu. Jihohi kuma ba su da mafaka, don ƙananan asibitoci a hannunsu suke, su da ƙananan hukumomi. Alƙawarin Abuja na 2001, na ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, a ƙasarmu aka sa masa hannu. Ko jihar da ta rubuta adadi mai kyau a takarda, sai a duba nawa aka saki, nawa ya isa kantar asibitin ƙauye.

'Yan uwanmu na Nijar ma abin ya shafe su. A binciken 2012 matsakaicin haihuwar mace a Maraɗi ya haura takwas, kuma tun juyin mulkin Yulin 2023 tallafin waje ya ja baya. Damuwar ɗaya ce daga Katsina har Tasawa.

Nan ma da haka suke

Wanda ya ga Dubai ta yau zai ɗauka haka aka halicce ta. A 1960 sai da sarakunan Abu Dabi suka gayyato wasu likitoci mata da miji daga Amurka suka buɗe asibitin Oasis a Al Ain, saboda yadda mata da jarirai ke mutuwa wurin haihuwa. A 1964 Dokta Zulekha Daud ta zo daga Indiya, tana bi gida-gida tana karɓar haihuwa a Dubai da Sharja, babu wuta babu kayan aiki. Yau a ƙasar nan, cikin haihuwa 100,000, matan da ke rasuwa ba su kai 10 ba. A Najeriya sun kusa 1,000. Ƙasar Musulmi ce, da kiran salla a kowace unguwa, kuma matar aure tana zuwa wurin likitarta ta nemi abin tazara ba tare da wani ya ɗaga gira ba. Za a ce suna da man fetur. Mu ma muna da shi, kuma mun riga Dubai fara haƙowa. Da taimakon baƙi suka fara, amma ba su zauna a kansa ba.

Abin da ya rage gare mu

Likitocinmu sun yi nasu. Daga Harrison a Zariya zuwa Galadanci a Kano, an auna, an ƙirga, an gano abin da ke aiki, har duniya ta ɗauka tana amfani da shi. Abin da ya rage aikin sito ne da kasafi da mota mai kai kaya, irin aikin da ni da ire-irena muka sani. In ɗan kasuwa zai iya kai kwalin turare daga Deira zuwa wani shago a Gumel cikin mako biyu, ban ga dalilin da zai sa ashana ta gagara kaiwa ba.

Mu da ke waje muna da abin yi. Na farko a gidajenmu. Muna tura kuɗin ragon suna da na atamfar fitar suna, amma mu nawa ne ke tambaya ko mai cikin ta fara awo, ko an duba jininta, a ina za ta haihu, wa zai kai ta in naƙuda ta zo da dare? Kunya ce ta hana ni bin maganar ƙanwata, na ga kamar ba hurumin wa ba ne. Da na ce wa Inna ko matata su bi ta, na tura kuɗin mota da na asibitin kuɗi, da ba a kai ga leda uku ba. In mace ta ce tana son hutu kuma mijinta ya yarda, kada "babu" ta zama ƙarshen zance.

Na biyu, ƙungiyoyinmu na 'yan gari. Muna haɗa kuɗi mu gina masallaci ko mu haƙa rijiyar burtsatse, Allah ya ba da lada. A ƙara da asibitin garin. A je a tambayi mai kula da shi me ya ƙare, a bi ta hannun hukumar lafiya ta jiha a sayo na ƙwarai, ledar awon jini da allurar tsuke mahaifa da firjin ajiye ta, don zafi yana kashe ƙarfinta. Kada dai kowa ya sayi magani a nan ya cusa a kaya ya aika, wannan aikin ma'aikatan lafiya ne.

Na uku, 'yan siyasa. Ba sa wata biyu ba su zo Dubai ba, kuma mu ne masu tarbarsu, mu ne masu raka su kasuwa. Zaɓen 2027 na tafe. In ɗan majalisarku ya zo, bayan gaisuwa, a tambaye shi cikin ladabi: ranka ya daɗe, nawa jiharmu ta ware wa tazarar haihuwa da lafiyar masu ciki, nawa aka saki? In bai sani ba, ya ji kunya ya je ya bincika. Tambayar da aka yi wa mutum a baƙon wuri ta fi zama masa a rai.

Ƙanwata tana nan lafiya, yarinyar da ta haifa tana gudu a tsakar gida. An sa mata ashanar daga baya, a asibitin kuɗi, ni na biya. Amma maƙwabciyarta ba ta da wa a Dubai.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu a wurin haihuwa, ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu.